Marin Alhamis

Ni dai a Birnin Kebbi na fara boko, a wata firamare da ke unguwar Nasarawa, zamanin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Malamai iri-iri sun koyar da ni a can, kowanne da yadda yake gane ko karatu ya shiga. Akwai wani dogo da in ya gama rubutu a allo sai ya juyo ya ce, “Kun gane?” mu kuma mu ɗauka baki ɗaya, “Mun gane, Malam!” har da waɗanda ihun ne ya tashe su daga gyangyaɗi. Malamin addini hadda yake karɓa, kana karantawa yana jan carbi, in ka yi tuntuɓe gira kawai zai ɗaga ka koma baya. Amma wadda ta fi zauna min a rai ita ce malamarmu ta aji biyar, wata Kirista mutuniyar wajen Jos da mijinta ke aiki a asibiti. Ita sulet take sa mu ɗauka. Ta faɗi tambaya, kowa ya rubuta amsarsa da alli, ta ce a ɗaga. Ita kaɗai ke ganin na kowa, don duk gaba muke kallo. Wanda ya kuskure ba ta ce masa kanzil a nan, sai an tashi tara ta yafito shi gaban teburinta su sake bi tare. A hannunta na gane cewa kaina yana ja a lissafi.

Ina shirin shiga aji shida aka yi wa Baba canjin wurin aiki. Direba ne a ma'aikatar gona, aka mayar da shi Argungu, wadda dama ita ce garinmu na asali. Muka kwashi kaya muka sauka gidan kakata, mahaifiyar Baba. A nan na tarar da yayana, ɗan farin Inna, wanda tun da aka yaye shi Kaka ta ɗauke shi. Kafin nan sai da salla muke ganin juna. Ya girme ni nesa ba kusa ba, gashin baki har ya fara tsiro masa, amma aji ɗaya muka faɗa, domin shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, manya da ƙanana aka kwasa aka zuba aji ɗaya.

Inna tana yi masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko ido ba ta haɗawa da shi. In tana son a kira shi sai ta ce min, “Ce ma wancan shi zo shi ɗauki hura.” Baba kuwa ranar da muka sauka ya haɗa mu akushi ɗaya, ya nuna min shi ya ce, “Wanga shi na ubanka in ba ni nan. Ka ji ko ba ka ji ba?” Na ce na ji.

Yaya ba mai yawan magana ba ne. Da asuba yana fadama wajen shinkafa, da rani wajen albasa, in ya samu sarari ya ɗauki homarsa ta kamun kifi da gora ya faɗa gulbi. Da laka a duga-dugansa yake zuwa makaranta, ya zauna bencin ƙarshe, saboda gwiwoyinsa ba sa shiga na gaba. Yaran unguwa sun sa ni gaba da tsokana, wai ɗan birni bai iya iyo ba. Rana ɗaya Yaya ya tsaya bayana ya dube su, tsokanar ta ƙare. Shi ya koya min iyo kuma. Ina jin tsoronsa, ina kuma son sa, son da ban iya faɗa ba a lokacin.

To, sai malamin aji shida. Gajere ne mai tsabta, kaftaninsa kullum a goge, muryarsa ƙasa-ƙasa. Abin alfaharinsa shi ne bai taɓa riƙe bulala ba. Yakan ce, “Ni ba ni dukan ɗan kowa.” Gaskiya ya faɗa, mu yake sa wa mu daki junanmu. Duk ranar Alhamis bayan tara akwai lissafin ka. Zai faɗi tambaya, ya nuna ka da alli. In ka kuskure, ko ka yi shiru, ka tashi tsaye, ya nuna na gaba. Haka za a yi ta tashi har a samu wanda ya faɗi daidai. Wannan shi zai bi layi ya mari duk wanda ke tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Kuma sai marin ya yi ƙara Malam ya ji daga teburinsa. In bai ji ba, amsarka ta zube, kai ma ka tsaya. Hujjarsa wai wanda tsaransa ya mara ba ya sake manta abin, wanda kuma ya tabbata da amsarsa hannunsa ba ya rawa. Iyaye na yabonsa, don yaransa suna cin jarrabawa. Ni ma daga baya na yi shekaru ina riƙe alli, na ga malamai masu zafi da masu sanyi, amma wallahi ban sake ganin mugunta mai tsabtar kaya irin wannan ba.

Alhamis ta farko, tambayar ba ta da wuya. Kafin Malam ya rufe baki na gama ta a kaina. Daga baya ya fara nuni, ina jin bencuna suna ƙara, yara na tashi. Da allin ya iso kaina na buɗe baki, sai wani abu ya ce min in waiga. Na waiga. Ga Yaya tsaye can ƙarshe, ya fi kowa tsawo, hannuwansa a baya. Nan take amsar ta koma ciki. Ni in ɗaga hannu in mari wanda Baba ya ce shi ne ubana? Na miƙe tsaye. Wani ɗan mahauta da ke zaune gefena ya faɗi amsar, ya fara da ni, ya sharara min mari har na ga wuta.

Haka muka yi ta tafiya. Duk Alhamis Yaya na tsaye, domin shi lissafin ka da Malam ke jerowa da sauri ba ya kama shi, ni kuma in haɗiye amsa in tashi. Kuncina ya saba. Abin da bai saba ba shi ne zuciyata. Ina da zuciya tun ina yaro, kuma ba abin da ke ƙona ni kamar in ga wanda na fi sani yana taƙama a kaina. Aikin rubutu kuwa duk ina cinye shi, amma Malam bai ɗauke shi bakin komai ba. Wata rana ya ɗaga littafina gaban aji ya ce, “An ce muna ɗan Birnin Kebbi kai gare shi. Ga shi a takarda malami, a baki kurma. Rubutu ana satar shi, baki ba a satar shi.” Aji ya kwashe da dariya. Ɓarawo ke nan ya kira ni, ni da ban taɓa leƙa littafin kowa ba. Ranar da ƙyar na ga hanyar gida don hawaye.

Da zafi ya fara shigowa, hedimasta ya tara mu ya ce jarrabawar shiga sakandare ta matso, kuma ba kowa makaranta za ta tura ba, sai wanda malamin aji ya yarda da shi. Malam kuwa bai ɓoye ba, ya ce shi da Alhamis zai yi zaɓensa. Wanda ba a tura ba, bokonsa ya ƙare a aji shida. Ni kuma ba abin da nake so a duniya kamar in koma Birnin Kebbi in shiga sakandare, in sa farin wando irin na ɗaliban da nake gani suna wucewa ta Nasarawa. Gaba kura, baya sayaki.

Wani yammaci muna fadama muna ban ruwan albasa, Yaya ya ajiye ƙwarya ya dube ni.

“Kai, mi ka hana ka hwaɗin amsa?”

Na ce ban sani ba ne.

“Ƙarya kakai. Ina ganin bakinka daga baya, shina motsi tun Malam bai ƙare ba.”

Na sunkuyar da kai ina tona ƙasa da yatsan ƙafa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki ƙwaryarsa ya ci gaba da aiki.

Alhamis ta zagayo, muka fito gida tare kamar kullum. Da muka kai mararraba sai ya ce in wuce, yana zuwa. Bai zo ba. Bayan tara Malam ya jefa tambaya, allin ya iso kaina, na waiga, bencin ƙarshe ba Yaya. Ai kuwa na faɗi amsa da ƙarfi har Malam ya ɗago kai. Na bi layi na yi marina, ɗan mahautan nan na biya shi da riba. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi ranar. Alhamis ta gaba ma haka, wadda ta biyo ta ma haka. Sauran ranaku Yaya na aji, ranar Alhamis sai ya ɓace. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi.

Amma Malam ba wawa ba ne. Wata Alhamis bayan na gama mari zan zauna, ya ce, “Tsaya. Ina yayanka?” Na ce ban sani ba. Ya dubi bencin ƙarshe, ya dube ni, ya yi wani ɗan murmushi ya ce, “Ruwa ba ya tsami banza.” Washegari ya aika wa Baba cewa babban ɗansa yana gudun makaranta.

Baba mutum ne da ba ya son a kawo ƙarar gidansa. Ya dawo daga aiki ko riga bai cire ba, ya kira Yaya tsakar gida ya tambaye shi ina yake zuwa ranar Alhamis. Yaya ya ce gulbi. Ya ce don me? Shiru. Baba ya ciro igiyar guga. Ƙato kamar Yaya, wanda zai iya ɗaga Baba da hannu ɗaya, ya durƙusa yana karɓar duka bai ko kare ba. Kaka na ta “Ya isa, ya isa,” Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Ni ina bakin rumbu, na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya ɗago ya watsa min wani kallo, na rufe. Baba ya rantse cewa Alhamis mai zuwa da kansa zai kai shi har ƙofar aji. Ita ce kuma Alhamis ɗin da Malam ya ce daga ita zai rufe zaɓe.

Kwanakin da suka rage abinci bai yi min daɗi ba. Na yi tunanin in ƙirƙiri zazzaɓi, amma Malam ya riga ya ce wanda bai zo ba ya cire kansa. Na yi tunanin in roƙe shi, na tuna murmushin nan, na fasa.

Ranar ta zo da zafi irin na bazara, kwanon rufin aji yana ƙas-ƙas tun hantsi. Baba ya cika rantsuwarsa, ya rako mu har ƙofa sannan ya wuce aiki. Bayan tara Malam ya shigo, ya ajiye littattafai, ya goge yatsunsa da hankici. Ya ce, “Goma sha biyu sau tara. A ɗebe takwas. A raba gida huɗu.” Sau ɗaya ya faɗa, da sauri.

Ashirin da biyar. Ta zo min kamar an raɗa min a kunne.

Ya miƙa alli can ƙarshen aji, Yaya ya fara nunawa. Na ji bencin baya ya yi ƙara. Daga nan ya bi aji yana nuni, yara na kuskure suna tashi. Da ya iso layinmu ya nuna na damana, ya tsallake ni, ya nuna na haguna. Ɗan mahauta ya ce ashirin da bakwai, ya tashi. 'Yan matan gaba duk suka tashi. Kafin wani lokaci aji kaf yana tsaye, ni kaɗai ke zaune a tsakiya kamar wanda ya faɗa rijiya. Zufa na bin bayana.

Malam ya tako ya tsaya gabana. Ya ce, “To, ɗan birni. Yau za mu gani in ilimin naka na ranar da yayanka ba shi nan na. In ka tashi tsaye yau, ka tashi daga jarrabawa.”

Ina jin numfashin yara, ina jin wani tsuntsu yana kuka a bishiyar dalbejiya ta waje. Na dafa benci da hannu biyu, na fara ɗaga jikina.

“Hwaɗi!”

Daga baya muryar ta fito, kowa ya waiga. Ba a magana a ajin nan sai an nuna ka.

Malam ya ce, “Wa ya yi magana?”

Yaya ya ce, “Ni na, Malam. Ƙanena na. Na ce shi hwaɗi.”

Na koma na zauna. Na ce, “Ashirin da biyar.” Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

“Daidai,” in ji Malam. Ya koma teburinsa ya zauna ya harɗe hannu. “Bisimilla.”

Na fara daga gaba. Ban san fuskar wa nake mari ba, tafina dai na zafi, ina matsawa layi bayan layi, bencin ƙarshe na matsowa. Na so a ce ajin nan ya kai Birnin Kebbi tsawo. Sai ga ni gaban Yaya. Kaina iyakar ƙirjinsa yake. Dokar ajin, gajere in zai mari dogo benci yake hawa, kuma yara kan yi dariya in an zo wurin. Ranar ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga ƙafa zan taka benci, sai Yaya ya girgiza kai. Ya mayar da hannuwansa baya, ya duƙo, ya duƙo, har fuskarsa ta zo daidai tawa, ya juya min kunci. Ina ganin shatin igiyar Baba a wuyansa.

Na ɗaga hannu na sauke. Ko ƙuda ba zai mutu da marin ba.

Malam ya ce daga can, “Ban ji ba.”

Kai, da ina da ƙarfi ranar, da ba Yaya zan mara ba. Na tsaya, hawaye sun rufe min ido. Malam ya ce, “Sau ɗaya ya rage maka.” Yaya bai miƙe ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

“Kai, kada ka sa in duƙa a banza.”

Na rufe ido na kai masa da duk ƙarfina. Ƙarar ta cika aji, na ji ta har kafaɗata. Yaya ya miƙe a hankali, ya dubi allo. Malam ya ce, “Na ji. Kowa shi zauna.” Ya ɗauki alli ya shiga darasin gaba kamar ba a yi komai ba.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, yaran maƙwabta sun kai. Muka shiga, Inna na bakin murhu. Kuncin Yaya ya tasa, shatin yatsuna kwance a kai. Inna ta ajiye muciya ta miƙe. Matar da tunda na yi wayo ban taɓa jin ta yi masa magana ba, ta dube shi ido cikin ido ta ce, “Zo nan in gani.” Kaka da ke tsintar shinkafa ta saki faifai. Inna ta jiƙa gefen zanenta a randa ta ɗora masa a kunci. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da Baba ya dawo Kaka ta zayyana masa komai. Ya tsaya da hularsa a hannu, ya dubi Yaya, ya dubi igiyar guga da ke rataye a bakin rijiya. Sai a lokacin ya gane inda Alhamis ɗin nan suka tafi. Ya ce gobe sai ya ga malamin nan ko shi wane ne. Yaya ya ce, “Baba, a bari har yaro shi yi jarrabawa.” Baba ya zauna kan turmi har aka kira magariba.

Aka kawo mana tuwon shinkafa a akushinmu. Na zauna na cusa hannun dama ƙarƙashin cinya, na kasa fito da shi. Yaya ya yi loma biyu, ya lura. Ya miƙo hannu ya kamo wuyan hannuna, ya jawo shi ya tsoma cikin tuwon. Ya ce, “Ci. Hannu ba shi da laihi.” Na ci ina kuka, majina da miya duk ɗaya.

Yaya bai sake taka makarantar nan ba, Baba kuma bai ce ya koma ba. Ni Malam ya zaɓe ni, har yana gaya wa hedimasta wai shi ya buɗe min baki. Na rubuta jarrabawa a nan Argungu, na ci, aka kira ni intabiyu a Birnin Kebbi, inda malamai za su zaunar da kai su yi maka tambayoyi baki da baki.

Ranar tafiya Baba yana kan hanya da motar ma'aikata, don haka Yaya ne ya ɗauke ni a keken Baba zuwa tasha. Daga fadama ya taho, ƙafafunsa duk laka. Ya sama min wuri a bayan wata a-kori-kura tsakanin buhunan albasa, ya miƙo min ƙullin kayana. Direba ya tayar da mota. Yaya ya riƙe ƙarfen bodi yana bin ta da ƙafa, ya ɗago kai ya dube ni.

Ya ce, “Can in an tambaye ka, ka hwaɗi abinka da ƙarhi. Ba ni cikin ajin.”

Ya saki ƙarfen, ya juya ya ɗauki keke ya nufi fadama.